Irin da Barmo Ya Mayar

Tun zamanin da giwaye ke kiwo a inda kasuwarmu take ci yau, an yi wani maharbi a Dutsen Zaure ana ce masa Barmo. Dogo ne, baƙi wuluk, magana ba ta dame shi ba. An ce in ya saki kibiya, da kanta take kauce wa dabba mai ciki. Kirarinsa kuwa: "Barmo ƙaya a tafin giwa, ba a taka ka a wuce!"

Shekara bakwai Dutsen Zaure na yaƙi da Gulbin Kanya a kan fadama guda. A ta bakwai ɗin, gab da saukar ruwan shuka, Barmo ya ja 'yan baka aka ci Gulbin Kanya. A wannan karon ne aka kashe ƙanensa Nomau.

Aka zauna sulhu a gindin wata tsamiya tsakanin garuruwan biyu. Sarkin Yaƙin Dutsen Zaure, Gagare, ya yanke hukunci: a rushe ganuwar mutanen Gulbin Kanya, a kashe wutar maƙerarsu, a kwashe rumbunansu har da damman iri. Mutanensa suka ce adalci ke nan, ai kowa ya ɗebo da zafi bakinsa.

Sai wata tsohuwar Gulbin Kanya, Iya Kande, ta taso da ƙwarya wayam, ta kife ta gaban Gagare.

"Ganuwa ku rushe, mu muka jawo," in ji ta. "Amma ɗana, wanda ya kwashe maka iri ana jiran ruwa ba sulhu ya yi da kai ba, kabari ya haƙa maka."

Maganar ta soki Barmo. Wallahi ba ƙaunarsu yake yi ba, zuciyarsa na tafasa saboda Nomau. Amma shi maharbi ne, ya san wanda ya kashe uwa da 'ya'ya baɗi ba shi da dajin shiga.

To, al'adarsu ce wanda ya fara fasa ƙofar gari shi ke fara zaɓen ganima. Da yake Barmo ne ya fasa, aka jero masa dawakai da shanu, ko kallo ba su ishe shi ba. Ya wuce ya dafa damman iri.

Aka bushe da dariya. "Kai Barmo, yaushe maharbi ya koma noma?"

Ya tayar da ƙwaryar tsohuwa, ya murje gero a ciki har ta cika.

Gagare ya miƙe a fusace. "In ka mayar musu, kada ka ƙara taka Dutsen Zaure!"

"Ranka ya daɗe, da baka na ci su, ba zan ci su da yunwa ba. Nomau ma bai taɓa hana maƙwabci iri ba."

Ya mayar musu da irinsu duka, haka ya rasa garin ubansa. Ya kafa bukka a gindin tsamiyar, mutane suka riƙa tarewa kusa da shi, har da Iya Kande.

Bayan damina uku fara ta sauka a Dutsen Zaure, ta lashe gonaki ƙaf, yunwa ta sa suka cinye har irinsu. Gagare da kansa ya zo tsamiyar, kansa a sunkuye, ya kife ƙwarya. Iya Kande ce ta cika masa ita.

Garin nan shi ne namu, Tsamiyar Barmo, kuma ba mu taɓa gina ganuwa ba. Har gobe, in hadarin farko ya haɗo, duk wanda ba shi da iri yakan kife ƙwaryarsa a gindin tsamiyar ya tafi. Zai dawo ya tarar da ita cike, kuma abin kunya ne a garinmu a tambayi ta wane ce.