Manhajar Ta Ce Ana Ci

Akwai wani mai gyaran rediyo da talabijin da 'yan layinsu ke kira Farfesa. Bakinsa ne ya jawo masa sunan. Ka tambaye shi me ya sa sama take shuɗiya, ko ina tururuwa ke kwana in an yi ruwa, kafin ka rufe baki ya ba ka amsa. Wata amsar daga littafi ya ɗauko ta, wata kuwa nan take ya ƙera abarsa, kuma da murya ɗaya yake faɗinsu duka.

A yi masa adalci, mutumin yana son 'ya'yansa mata biyu su yi ilimi. Duk ranar da bai buɗe shago ba sai ya kwashi iyalin su bi bayan gari, suna duba ganye da ƙwari da tsuntsaye. In an dawo a baje littattafai a tsakar ɗaki. Babbar, wadda ake kira Yaya, har ta koyi rubuta manhaja a wata tsohuwar kwamfuta da ya tayar mata.

Ita ce ta haɗa musu 'yar manhaja a waya: hoton kowane tsiro da suka gani, da alamar kore in ana ci, ja in ba a ci. Ita ke rubutawa, Baba ke yanke hukunci.

Wata rana suka tsaya gaban wani ɗan itace da aka yi shingen gona da shi, mai baƙaƙen 'ya'ya a cikin kwanso.

Yaya ta ce, "Baba, wannan fa?"

Bai san shi ba. Amma ya fasa ɗaya, ya shinshina, ya ce, "Ɗan'uwan gyaɗa ne. Sa masa kore."

Matarsa ta ce, "Malam, ka tabbata kuwa?" Ya watsa mata wani kallo, ta kau da kai.

Auta ba ta iya karatu ba tukuna, amma ta san kore sarai. A fita ta gaba ta duba wayar, ta cika aljihunta da baƙaƙen 'ya'yan nan ba wanda ya lura. Washegari da hantsi yana shago, kansa cikin wata talabijin, matarsa ta kira tana kuka. Auta sai amai take da gudawa, ta daina iya tsayuwa, ga ɓawon 'ya'yan nan a ƙarƙashin gado.

Da ya iso gida ya ɗauki Auta sai wuyanta ya langaɓe a kafaɗarsa. A ransa ba abin da yake maimaitawa sai, Allah kada ka karɓe ta ta hannuna.

A asibiti likita ta ce, "Me ta ci?"

Wallahi saura kaɗan bakinsa ya ce gyaɗa, don ya saba.

"Malam, ba lokacin kame-kame ba ne. Kowace guba da yadda ake tarar ta."

"Likita, ban san sunansa ba," ya faɗa. "Ni ne na ce musu ana ci."

"To je ka kawo min shi, da ganyensa."

Ya fita da gudu. Takalminsa ya tsinke a hanya, ya bar shi nan. Ya isa shingen gonar nan ya karyo reshe, ruwansa mai danƙo na bin hannunsa, ya dawo yana haki. Likita na gani ta ce, "Bini-da-zugu ne. Yana da daɗi a baki, shi ya sa yake cin yara. Ruwan jikinta ya kusa ƙarewa."

Aka yi ta neman jijiya a ɗan hannun nan, ana sokawa ana zarewa, Auta ko motsi ba ta yi. Yaya ta haɗa kai da bango tana cewa, "Ni na sa koren, ni na kashe ta." Ya durƙusa gabanta ya ce, "A'a, 'yata. Abin da na faɗa kika rubuta." Matarsa ba ta ko kalle shi ba, kuma da ma ta zage shi da ya fi masa sauƙi.

Sai da rana ta yi sanyi Auta ta buɗe ido, ta ce da ƙyar, "Umma, ƙishirwa." Likita ta ce ta tsallake. Farfesa ya zauna a ƙasa ya yi kuka kamar yaro.

Bai gama share fuska ba Yaya ta miƙo masa wayar.

"Baba, sauran korayen fa, wanne ka sani da gaske? Na tura wa ƙawayena na layinmu manhajar, su ma suna dubawa."

Ya bi hotunan ɗaya bayan ɗaya. Ko rabi bai iya rantsewa a kansu ba.

Haka ya miƙe, ƙafa ba takalmi, ya nufi layinsu. Gida-gida ya bi yana sallama, yana roƙon iyaye su karɓi wayoyin daga hannun yara, yana faɗa musu da bakinsa cewa bai san itatuwan nan ba.

Darasi: Cewa "ban sani ba" ba ya rage wa uba daraja a idon 'ya'yansa. Yaro yana ɗaukar maganarka ya hadiye ta yadda ka ba shi, na'ura kuma abin da aka zuba mata take maimaitawa. In ba ka sani ba, ka faɗa, ku bincika tare. Ku tura wannan labari ga duk iyayen da ke koyar da 'ya'yansu a gida, wataƙila ku ceci ran wani yaro.