Rakiyar Zalɓe

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta, kunnenmu na wajenki!

Wata fadama ce mai faɗi. In ɗari ya shigo, ruwanta yakan kwanta lumui, furen bado ya buɗe fari fat, tururi na tashi da sassafe kamar an ɗora tukunya. Mai masaukin fadamar shi ne Zalɓe, dogo mai ji da kai. Matarsa ta rasu ta bar masa ƙwai uku cikin ciyawar bakin ruwa, shi ke kwanci a kansu.

Ran nan sai sama ta yi duhu da fukafukai. Agwagin ruwa ne ƙanana, baƙi daga nesa, tsohuwarsu na gaba. Suka sauka shiru kamar ganye.

Zalɓe ya ce, “Maraba lale! Inna, daga ina?”

Tsohuwa ta ce, “Daga inda sanyi ke mai da ruwa dutse, sama ta riƙa zubo auduga.”

Zalɓe ya ba su gefen da ya fi tsutsa. Wata uku suna nan. Kullum da hantsi tsohuwa na ba shi labarin ƙasarsu, shi kuwa ya lumshe ido, yana ganin farin daji da bai taɓa takawa ba.

Da zafi ya fara, baƙi suka yi haramar tafiya. Sai ga Dila yana lasar baki.

“Dogo, ba za ka raka baƙinka ba? Ka san dai ɗan rakiya ba ya juyowa sai baƙo ya ce masa koma haka.”

“Ni za ka koya wa al’ada, mai jan baki? To ƙwaina fa?”

“Haba Dogo! Taku nawa ne? Kafin su huce ka dawo.”

Suka tashi, Zalɓe na gefen tsohuwa. Suka wuce ƙarshen bado. Ya yi gyaran murya.

“Inna, hanya da nisa ko?”

“Da nisa, ɗan nan.”

Suka wuce gonakin shinkafa, fadama ta koma kamar faifai a bayansu.

“Inna, na baro ƙwai a gida fa.”

“Allah ya raya su.”

Suka kai inda kore ya ƙare, rairayi ya fara. Zalɓe ya ƙara sauri. Ya sha gaban tsohuwa.

“Inna, wai ku a garinku ba a sallamar ɗan rakiya?”

“Rakiya? Ai mu mun ɗauka tafiya za ka yi da mu. Har na sa an ba ka wuri a layi.”

“To ce mini koma haka, in juya.”

Tsohuwa ta girgiza kai. “Allah ya tsare bakina. A wurinmu duk wanda ya tashi da mu namu ne. In na ce ka koma, na kore ka ke nan. Ka ciyar da mu wata uku, in kore ka?”

“In na juya ba sallama kuma, da wane ido zan dubi fadama?”

Suka tsaya a sama suna kaɗa fiffike, ba mai saki.

Zalɓe ya ce, “To me bakinki zai iya faɗa?”

Ta ce, “Mun gode.”

“Albarka. Wannan ko maƙwabci ya faɗa. Ƙara.”

“Allah ya saka.”

“Bai kai ba, Inna. Ƙara.”

Ta dubi arewa, ta dube shi. “Sai baɗi.”

Zalɓe ya auna maganar. Wanda ya ce sai baɗi ai ya san an rabu.

“Na karɓa!”

Ya juya kamar kibiya. Rairayi, shinkafa, bado. Ya tarar da ɓawo biyu a ƙasa, Dila ya buɗe baki kan na uku. Ya sakar masa sara a hanci. Dila ya zura da gudu yana cewa, “Ai gadi nake maka, Dogo!”

Zalɓe ya kwanta kan ƙwan da ya rage. Bai ci ba har ƙwan ya ƙyanƙyashe.

Baɗi baƙi suka dawo, ya karɓe su kamar da. Ran tafiya suka tashi, ya ɗaga ƙafa ɗaya zai bi su, ya dubi ɗansa, ya kasa ɗaga ta biyu. Haka ya tsaya har suka ɓace cikin gajimare.

Shi ya sa har gobe, in kun je fadama, za ku ga Zalɓe tsaye da ƙafa ɗaya. Wadda ke sama ta tafi rakiya, wadda ke ƙasa tana tsaron gida.

Ƙurunƙus, kan ɓeran fadama!