Gatarin Bushiya

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta, Inna.

Bushiya ce, mai taurin kai. Mijinta ya rasu ya bar mata gatari guda, da shi take saran itacen tuyar ƙosai.

Wata rana sai ga Hankaka, ɗan aiken manyan daji. Ya ce, "Gwaggo, taron manya ya hana hayaƙi. Ki kai wa Dila maƙeri gatarinki ya narkar, ya ƙera miki kaskon da rana ke zafafawa."

Ta ce, "In an narkar, yana komawa gatari?"

"Ina fa!"

"To, Giwa ta kai nata?"

Hankaka ya sosa ƙeya. "Ta ce sai taron baɗi."

Bushiya ta shinshina fiffikensa, sai ƙaurin wutar gidan Giwa. Ta ce, "Ɗan nan, ran da gatarinta ya shiga wuta, nawa zai biyo baya."

Dila ya gaji da jira, ya sayar da zugazugansa. Da shekara ta zagayo Giwa ta yarda, amma babu maƙeri. Bushiya tana tari tana tuyarta.

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera, kowa ya tashi.