Manomin da Ya Hana a Ƙwanƙwasa Masa Bindiga

Wanda ya fara ba ni wannan misali shi ne Kawu Tanimu, ƙanen mahaifiyata, muna ɓarar gyaɗa a ƙofar gida, lokacin ina amarya. Yadda na ji, haka zan rubuta muku, 'ya'yana. Wanda ya ga kamar da shi nake, to, da shi ɗin nake.

Akwai wani manomi da gonarsa take gindin dutse. Masara yake shukawa, ita ce kuwa abincin gidansa daga kaka zuwa kaka. A kan dutsen akwai birai, shugabansu kuma wani ƙaton gwaggon biri ne mai furfura a kafaɗa. In masara ta yi goyo, shi yake fara saukowa, ya zauna ya duba gabas ya duba yamma kamar shi ya yi noman, sa'an nan ya kira sauran. Manomin ya buga gwangwani har hannunsa ya gaji. Ya kafa mutum-mutumi ya sa masa tsohuwar rigarsa. Da ya koma, ya iske gwaggon ya tuɓe rigar ya shimfiɗa, yana zaune a kanta yana cin masara.

Shekarar da ta wuce rumbunsa ya ƙare tun kafin bikin Ista, har matarsa ta ɗauki ƙwarya ta je gidan iyayenta neman dawa. Wannan abu ya tsaya masa a rai. Ya ce bana ba za a sake ba.

Sai ya sayar da maraƙinsa, ya nemi takardar izini, ya dawo daga birni da sabuwar bindiga. Ba irin ta maƙeran ƙauye ba, mai cin harsashi ce, katakonta yana sheƙi, ƙarfenta baƙi wuluk. Shi kuwa tun da aka haife shi bai taɓa harba komai ba sai danƙo. Ya shafa mata man gyaɗa, ya naɗe ta a zane, ya kwantar da ita a bayan gado.

Matarsa ta ce, "Maigida, wannan fa zanen zumuntar matan majami'a ne."

Ya ce, "Na sani. Shi ya fi laushi."

Ta ce, "To ranar taro in ɗaura bindigar in tafi?"

Ya ci gaba da gyara naɗin bindigarsa. Ita kuwa ta je ta gaya wa mahaifinta, wanda tsohon maharbi ne. Tsohon ya zo da safe yana dogara sanda. Manomin ya tuɓe takalmi ya durƙusa ya gaishe shi, kamar yadda ake yi wa suruki.

Tsohon ya juya bindigar a hannu, ya ce, "Tana da kyau, ɗana. Amma sabuwar bindiga ba a fita da ita sai an saita ta. Ka ga wannan ɗan ƙarfe mai tsaga a baya, da wannan ɗan tsini a baki? Idonka zai jera su da abin da kake so. Saura mu gani ko inda ido ya duba, nan harsashi yake zuwa."

Suka fita bayan gari inda ba kowa. Suka jingina tsohon faifai a jikin suri, suka ɗiga masa gawayi a tsakiya, suka ɗora bindigar a kan buhun ƙasa don kada ta yi rawa. Manomin ya durƙusa. Ya runtse ido duka biyu, ya kau da fuska, ya fizgi kunamar bindigar. Bindiga ta tashi, ta hankaɗe shi, sai ga shi zaune a ƙasa ƙafafu sama.

Ya ce, "Baba, ina ya tafi?"

Tsohon ya ce, "Ban sani ba, ɗana. Ni ina kallon faifai, kai kana kallon bayan idonka. Ba wanda ya raka shi."

Sa'an nan ya koya masa. Ya manna gindinta a kafaɗa sosai, ya buɗe ido, ya saki numfashi, ya ja kunamar a hankali kamar mai tatsar akuyar da take da saurin fushi. Manomin ya yi ta gwadawa. Kafaɗarsa ta yi tsami, kunnensa yana ƙara, amma kafin rana ta yi zafi ya harba uku a jere, suka je suka iske ramuka uku sun taru wuri guda, kamar tafin hannu daga gawayin, ta hagu.

Tsohon ya yi murmushi, ya ce, "Yanzu mun san gaskiya. Da sun watse, da hannunka ne. Tun da sun taru, hannunka ya zauna, bindigar ce take karkata hagu. Ba wani babban abu ba ne."

Ya sa hannu a aljihu ya fito da 'yar guduma.

Manomin ya matso da sauri. Ya ce, "Baba, me za ku yi da wannan?"

"Zan ɗan ƙwanƙwasa ƙarfen baya ya matsa dama."

"Zai yi tabo?"

"Ɗan kaɗan."

Manomin ya dubi ƙarfen nan baƙi wuluk, ya tuna maraƙinsa, ya jawo bindigar jikinsa. Kun san ba a yi wa suruki musu. Don haka sai ya ƙara durƙusawa, ya sassauta murya, ya ce, "Baba, kada ku wahalar da kanku. Tun da na san hagu take yi, sai in riƙa auna dama. Shi ke nan mun daidaita."

Tsohon ya ce, "Za ka tuna?"

"Zan tuna, Baba."

"Faifai bai taɓa cin masararka ba, ɗana. Shi ya sa kake da hankali a gabansa."

Amma shi ma suruki ne, ba zai ƙwace abu a hannun mijin 'yarsa ba. Ya mai da guduma aljihu, ya ɗauki sandarsa, ya tafi gida.

To, dabarar ta yi aiki, ba zan ɓoye muku ba. Manomin yakan auna gefen dama na faifai, harsashi ya faɗa kan gawayi. Ya gama da wannan faifai, ya ɗauko wani. Har matarsa ta ce, "Maigida, in ka gama da faya-fayan, ka gaya mini da me zan rufe tukunya, ko in zauna a kai." Ranar Lahadi bayan sujada maza sukan bi shi bayan gari, ya kakkaɓo gwangwani daga kan suri, su yi ta jinjina. Suka ce ba a taɓa kawo bindiga mai gaskiya irin wannan a ƙasar ba. Bai gaya wa kowa cewa gefe yake aunawa ba.

Sai masara ta nuna. Ran nan da sassafe ya je gona ya laɓe a bayan wani dutse, ya ɗora bindiga, yana ta maimaitawa a ransa, dama, dama, dama.

Can sai ga gwaggon yana saukowa a hankali. Ya shiga kunyar masarar da ta fi kowace kyau. Ya karya goyo ɗaya, ya gutsura, ya yar. Ya karya wani, ya sansana, ya yar. Ya zaɓi na uku, ya hau wata ɗorawa da take bakin gona, ya zauna a reshe. A jikin reshen nan kuwa, kusa da shi ta hagu, akwai amyar zuma da surukin ya rataya, ta cika har tana nauyi.

Gwaggon ya ɓare masarar. Ya dubi inda manomin yake laɓe, ido cikin ido. Ya yi hamma. Ya jefo ɓawon wajensa, ya juya ya sosa bayansa.

Nan take jinin manomin ya tafasa. Ya ga matarsa da ƙwarya a kai tana tafiya gidan iyayenta. Ya ga rigarsa a ƙarƙashin biri. Dama ta fita daga kansa fit. Ya ɗora tsinin nan daidai tsakiyar ƙirjin gwaggon, ya manna kafaɗa, ya saki numfashi, ya ja kunama a hankali. Bai taɓa yin harbi mai kyau irin wannan ba.

Bindiga kuwa ta yi abin da ta saba. Harsashi ya bi hagu, ya fasa amya.

Gwaggon ya yi tsalle ɗaya, sai kan dutse. Ƙudan zuma suka fito kamar hadari, suka duba, ba su ga kowa ba sai mutum ɗaya. Manomin ya tashi da gudu. Suka shiga rigarsa, suka shiga wandonsa. Ya yi jifa da bindiga a kan duwatsu, ya bi ta cikin masararsa yana karyawa da ƙafarsa, ya faɗa rafi, ya bar hanci kaɗai a waje. Hancin ma ba su ƙyale ba.

Da ya iso gida, matarsa ta dube shi da kyau, ta ce, "Sannu, baƙo. Maigidan ya tafi gona."

Ya kwanta idanu a kumbure, ba ya ganin ko ƙofa. Kafin ya iya buɗe su, birai sun koma gonar sun yi bikinsu, rabin masara ta tafi.

Surukin ya zo gaisuwa, da bindigar a hannu ɗaya, da guntun saƙar zuma a ƙoƙo. Ƙarfen nan baƙi wuluk ya kurje daga baki har gindi. Ya zauna a bakin gado, ya ce, "Sannu, ɗana."

Manomin ya ce da leɓunan da suka yi kamar fanke, "Baba, ku gafarce ni. Amyarku."

Tsohon ya ce, "Amya a sake saƙawa. Na je na duba wurin. Harbinka ya yi kyau ƙwarai. Da bindigar tana daidai, da yanzu wani labari muke yi."

Manomin ya juyo da fuskarsa wajen tsohon. Can ya ce, "Gudumar tana nan?"

"Tana aljihu."

Da ya warke suka koma wurin suri. Tsohon ya ƙwanƙwasa, manomin ya harba, ya sake ƙwanƙwasawa, har harsashi ya riƙa zuwa inda ido ya duba. Da haka suka tsare abin da ya rage na masarar. Ta kai su damina, amma da ƙyar, tuwon ma ba mai kauri ba.

To, ga abin da misalin nan yake nufi. Bindigar ita ce zuciyarka. Kowa da inda tasa take karkata. Wani fushi, wata gulma, wani idonsa a kan abin hannun maƙwabci. Ba a ce kai kaɗai ba ne, kuma Ubangiji ba ya jefar da mutum saboda karkata. Gyara yake so ya yi.

Amma mu da yawa mun gwammace dabarar manomin nan. Mun san halinmu sarai, sai mu riƙa auna dama. A majami'a mu sassauta murya, gaban fasto mu yi ladabi, a gidan biki mu raba murmushi, har a ce wance ba ta da fushi. Wannan duk faifai ne, 'ya'yana. Gwaggon biri yana nan zuwa. Ran da akuyar maƙwabta ta cinye miki wake, ran da aka ci amanarka, ran da ɗanka ya mayar maka da magana gaban mutane, a ranar ba ka da lokacin tuna dama. Abin da yake ciki shi zai fita, ta hanyar da ya saba. Kuma ku lura, ba birin yake samu ba. Wanda yake kusa yake samu: matarka, jikanki, wanda bai ci maka ko ƙwaya ɗaya ba.

In abu ya same ka sau ɗaya, a ce kuskure. In ka ga ya taru wuri guda, faɗa da wannan a kan abu ɗaya, faɗa da wancan a kan abu ɗaya, ka daina cewa mutane ne. Karkata ce. Ka kai ta wurin Mai Ceto, ka bar Maganarsa ta ƙwanƙwasa. Wani lokaci ta bakin dattijo zai yi, wani lokaci ta bakin wanda ka raina. Da zafi, kuma zai bar tabo, gama mutane za su san ka nemi gafara. Ka yarda da wannan ɗan tabo tun masara tana tsaye.

Ni dai ranar da na ji wannan misali ya shige ni ƙwarai. Washegari da safe na dama kunu, na kai wa maigidana, na zauna kusa da shi na kwashe labarin duka na gaya masa, ina dubansa a duk inda ya kamata. Ya saurara har ƙarshe, yana gyaɗa kai. Ya shanye kunun, ya share baki, ya ce, "Gaskiya ne. Ki je ki gaya wa yayanki, shi ne sak."