Ina Za a Wanke Ƙafa?

Akwai wani saurayi a unguwar Tremont mai suna Hakeem, ɗan mutanen Kumasi, wanda ya karanta zanen gine-gine a nan New York. Yana da ƙoƙari, wannan ba zan hana shi ba. Amma a lokacin da abin nan ya faru, ilimi ya ɗan hau masa kai.

A arewacin birni, tafiyar awa biyu da rabi a mota, akwai wani wurin shaƙatawa a bakin tafki, mai ƙananan gidajen katako na haya. Shekara huɗu ke nan iyalanmu na Bronx da Harlem suna zuwa can duk hutun makaranta. Yara su yi iyo, iyaye mata su ɗora tukunyar shinkafa da wake, maza su gasa nama suna gardamar ƙwallo.

Rannan sai mai wurin, wani dattijon Bature, ya kira shugaban ƙungiyarmu, Alhaji Tamimu. Ya ce daɓen katakon banɗaki ya ruɓe a gidaje uku, kuma duka ukun mu ne muke sauka a cikinsu. Shi bai gane dalili ba. Yana shirin gina sabon gida babba na katako domin iyalai masu yawa. Idan muna da wanda zai zana shi yadda ba zai ruɓe ba, madalla. Idan babu, ya daina ba mu haya.

Aka ba Hakeem aikin.

Bayan mako uku ya kawo zanensa ɗakin taro na ƙasan masallaci, ranar Lahadi bayan azahar. Gaskiya zanen ya yi kyau. Ɗakuna huɗu, doguwar baranda, ƙatuwar taga mai kallon tafki, da rufi mai tsini don ƙanƙara ta riƙa zamewa. Hakeem ya ce tururin wanka ne yake ruɓar da katako, don haka ya sa katako mai kauri da fanka mai zuƙe danshi. Aka tafa.

A can baya akwai Hajiya Rukaya. Shekara ashirin da biyu tana aikin kula da tsofaffi a gidajensu, kuma duk Asabar ita take wanke wurin alwalar masallacin, ba wanda ya sa ta. Ta ɗaga hannu.

“Ɗana, ina za a wanke ƙafa?”

Hakeem ya yi murmushi. “Anti, ga banɗaki nan guda biyu, kowanne da sinki na wanke hannu.”

“Na ga sinki. Ƙafa na ce.”

Wasu suka yi dariya. Alhaji Tamimu ya gyara hularsa ya ce, “Hajiya, yaron nan digiri biyu gare shi. Ki bar masu ilimi su yi magana. Shayin nan ma ya huce, ki duba mana.”

Mutum arba’in da ɗaya ne suka sa hannu a rajistar taron ranar. A gabansu duka aka faɗi wannan magana. Hajiya ta ce, “To, Allah ya ba da sa’a,” ta tashi ta je ta ɗumama shayin.

Hakeem ya kai wa Bature zanen yana taƙama. Dattijon ya duba ya ce, “Katako mai kauri da fanka? Na sa duka biyun shekara biyu da suka wuce, kuma ya sake ruɓewa. Na ba ka kwana goma.”

Kwana shida Hakeem yana juya littattafai, bai samo komai ba. Iyaye sun fara tsayar da shi a bakin shago suna tambaya ko yara za su je tafki baɗi. A rana ta bakwai mahaifiyarsa ta ce masa, “Ka je ka gai da matar da kuka yi wa dariya.”

Ya je yana jan ƙafa. Lahadi ce, gidan Hajiya cike da ’ya’ya da surukai da jikoki, mutum goma sha ɗaya. Ba ta tayar da maganar taro ba. Ta zuba masa tuwo da miyar ayoyo ta ce, “Ci tukuna. Kai da ganin wuyanka ka san karatu ya cinye ka.”

Da la’asar ta yi, sai ta shimfiɗa busasshen tawul a ƙasan sinki, ta ajiye masa kujera a ƙofar banɗaki.

“Zauna nan. Kada ka ce komai, ka kalla kawai.”

Aka fara alwala ɗaya bayan ɗaya. Ruwa na bin gwiwar hannu yana ɗiga. Kowa ya zo kan ƙafa sai ya ɗaga ta ya cusa cikin sinki, ya sauke ta tana zuba, sannan ya ɗaga ɗayar. Surukinta mai ƙaton ciki har da nishi, jikoki suna ƙyalƙyala dariya. Da na ƙarshe ya fita, Hajiya ta matse tawul ɗin a cikin buta. Saura kaɗan butar ta cika.

“Wannan sallah ɗaya ke nan,” in ji ta. “Sau biyar a rana, wata uku a jere. Mai digiri biyu, yi mana lissafi.”

Hakeem ya dafe kai. “Anti, ni ma fa haka nake yi a gidana!”

“Kai kaɗai ne a gidanka, kuma tayil ne a ƙarƙashinka. Can katako ne, kuma mu ba ma tafiya hutu mu kaɗai.”

Nan take ya zaro takarda. Tana faɗa yana zanawa. A fitar da alwala daga banɗaki gaba ɗaya, a kai ta ƙarshen baranda. Daɓen dutse mai ɗan gangara zuwa magudana. Benci daidai gwiwa, saboda a wurin aikinta ta sha ɗaga tsofaffi, ta san inda suke faɗuwa. Ƙarfen riƙewa a gefe. Famfo uku a ƙasa-ƙasa, da ruwan ɗumi. Ɓangaren mata da shingen katako. Wurin jera takalma, nesa da ruwa.

Hakeem ya ƙara nasa. Ya ce dole a sa makunnin da za a tsiyaye bututun kafin sanyi, in ba haka ba ruwan zai daskare ya fasa shi.

“Ka gani?” in ji Hajiya. “Wannan ni ban sani ba. Ashe digirin yana aiki.”

Da Baturen ya ga sabon zane, aka yi masa bayani, sai ya yi ta dariya har da buga tebur. Ya ce shekara huɗu yana zaton wanki muke yi a ƙasan banɗaki. Ya amince a take.

A hutun bana aka buɗe gidan. Bas biyu muka cika. Ƙamshin sabon katako ya gauraye da na gasasshen nama, yara suna tsere a baranda. Da azahar ta yi, dattawa suka zauna a benci suka yi alwala a natse, ba mai ɗaga ƙafa sama kamar ɗan wasa. Har Turawan gidajen kusa suka riƙa kawo ’ya’yansu su wanke yashin ƙafa, shi ya sa mai wurin ya ce a yi irin wannan wurin alwala a kowane gida.

Da aka miƙa wa Hakeem lasifika, bai yi dogon jawabi ba. Ya taka har inda Hajiya take rabon abinci, ya durƙusa a gaban kowa ya ce, “Jama’a, ni na ja layi, amma wannan ce ta zana gidan. Anti, ki yafe mini.”

Ta ce, “Na yafe tun ranar shayi. Tashi, wandonka fari ne.”

Aka yi ta guɗa da tafi.

Yaro ya biya nasa. Saura manya. A bakin ƙofar gidan an kafa allo mai ɗauke da sunan Hakeem, da na Alhaji Tamimu, da na ’yan kwamitin ƙungiya su bakwai. Na karanta shi sau uku, babu sunan Hajiya Rukaya. Shekara talatin da huɗu na yi ina koyarwa, ban taɓa ba wani makin amsar wani ba. Na auna allon da rula: akwai fili inci biyar a ƙasa, ya ishi sunanta har da ragi. Kuma maganar da Alhaji Tamimu ya faɗa mata a gaban mutum arba’in da ɗaya, a gabansu ya kamata a janye ta, ba a waya ba.

Darasi: Wanda yake goge ruwan da kake zubarwa ya san abin da littafinka bai rubuta ba, don haka idan ya ɗaga hannu ka saurare shi, idan kuma maganarsa ta cece ka, ka kira sunansa a fili. Ku tura wannan labari ga ’yan uwa da abokai, ku ci gaba da turawa har ya isa wayar Alhaji Tamimu kafin taron Lahadi.