Kafintan da Ya Cika Coci da Benci

Akwai wani dattijo a wata coci da kowa ke kira Baba Kafinta. Ranar da aka binne mahaifiyarsu, ya nuna ƙanensa Auta da yatsa a gaban jama'a, ya ce, "Sakacinka ne ya kashe ta."

Baba Kafinta ya san ba gaskiya ba ne, baƙin ciki ne ya sa shi. Auta ya juya ya tafi. Daga ranar zumunci ya yanke.

Wata Lahadi fasto ya yi wa'azi a kan umarnin Yesu, cewa wanda ya kawo wa Allah baiko, wato hadaya, ya tuna ɗan'uwansa na riƙe da shi a zuci, ya ajiye baikon ya je su shirya tukuna. Maganar ta soki Baba Kafinta. Amma washegari bai nufi gidan Auta ba. Shago ya tafi, ya zaɓi katako mai kyau, ya yi wa coci benci kyauta.

Abin ya zame masa jiki. Duk sanda zuciyarsa ta ce masa "je ka", sai ya ɗauki zarto. Ƙarar zarton takan danne muryar. Da shago ya yi tsit, sai ta dawo, a hankali, ba ta gajiya.

Wata rana matarsa ta kawo masa abinci, ta tarar yana goge wani sabon benci.

Ta ce, "Baban yara, cocin nan fa ta cika. Wannan a kan rufi za a kafa shi?"

"Aikin Ubangiji nake yi."

"Ubangiji bai aike ka benci ba, gidan Auta ya aike ka. Sarki Saul ma hadaya ya ce zai yi, aka gaya masa biyayya ta fi hadaya."

"To, uwargida ta zama fasto. Ni ne babba, shi ya zo mana."

Shekaru suka shuɗe. Sai labari ya zo cewa Auta ya yanke jiki ya faɗi, ɓarin jikinsa ya shanye, tunaninsa ya rikice. A ranar Baba Kafinta ya ajiye zarto, ya nufi gidan Auta.

Ya same shi a kujera, yana fuskantar ƙofar gida. Matar Auta ta ce, "Yaya, sai yau?" Ta share hawaye ta ba su wuri.

Ya durƙusa, ya kama hannunsa mai lafiyar. "Auta, ni ne. Ƙazafi na yi maka. Ka yafe mini."

Auta ya daɗe yana kallonsa. Ya yi murmushi irin wanda ake yi wa baƙo.

"Sannu da zuwa, bawan Allah. Ka san yayana? Kafinta ne. In ka gan shi, ka ce masa ban yi fushi ba. Ya zo kawai."

"Ai ga ni, Auta."

"Yauwa. Kada ka manta ka gaya masa."

Har yau Baba Kafinta na zuwa kullum. Kullum kuma Auta na ba shi saƙon nan ya kai wa yayansa.

Darasi: Allah ba ya karɓar aikin da muka zaɓa a madadin wanda ya umarce mu. Jinkirin biyayya ma rashin biyayya ne, kuma akwai ƙofar da ba ta jiran mu shirya. In ka ji muryarsa yau, kada ka taurare zuciyarka. Ka tura wa wani wannan labarin, amma in akwai wanda ke jiranka, ka fara zuwa wurinsa.