Mai Waldar da Ya Ɓoye Bashin Haraji

Akwai wani mai walda a garin Norfolk na jihar Virginia a Amurka, sunansa Cedric Tillery. A tashar gyaran jiragen ruwa na yaƙi yake aiki, inda ba mai taka ƙafa sai da izinin tsaro. Duk ranar da aka janye izinin nan aiki ya tafi, tare da inshorar da ke biyan allurar ciwon sugan matarsa Vernita.

Cedric gwani ne, amma bakinsa ba linzami. Abokin aikinsa Odell bashi ya ci ƙarfinsa, ya je kotu aka tabbatar da karayar arzikinsa, sannan ya kai kansa ofishin tsaro ya faɗa da bakinsa. Cedric ya samu abin dariya a wurin cin abincin rana.

"Kai Odell, ashe talaucin naka har da hatimin alƙali? Zo ka ɗauki ragowar kazata kar ka faɗi."

"Ci abarka, ɗan'uwa," in ji Odell. "Ni dai yanzu ina samun barci."

Abin haushin, shi mai dariyar ya daɗe ba ya biyan harajin waldar da yake yi wa mutane a garejinsa ranar Asabar. Kuɗin ya narke a sabuwar mota da kwale-kwalen kamun kifi. Hukumar haraji ta yi ta aike, shi kuwa ko a jikinsa.

Vernita ta roƙe shi. "Cedric, don Allah je ka same su. Suna yarda a biya kaɗan-kaɗan duk wata. Ka faɗa a wurin aiki kafin su ji a waje."

"In faɗa? In zama Odell na biyu? Mace, bar ni da mutuncina."

Da lokacin sabunta izini ya zo, mai bincike ta zaunar da shi. Ta tambaye shi ko gwamnati na binsa haraji, ya ce ko sisi. Ta ajiye biro, ta dube shi a natse.

"Malam Tillery, yi tunani. Ba abin da kake son gyarawa?"

Matar nan ƙofa ta buɗe masa, don ta riga ta sani. Gogan naka ya gyara hula ya ce, "Hajiya, ni ba matsiyaci ba ne."

Odell aka bar masa izininsa, tunda bai ɓoye komai ba kuma yana biya. Cedric kuwa aka ce bashin da sauƙi, ƙaryar ce ba ta gyaruwa: mai ɓoye abu irin wannan, maƙiyi na iya riƙe shi da shi. Aka karɓe katinsa na shiga wurin aiki a bakin ƙofa.

Bayan inshorar ta yanke, ya raka Vernita kemis. Yarinyar da ke sayar da magani ta gwada katin inshorar sau biyu, ta girgiza kai, ta faɗi kuɗin allurar. Vernita ba ta yi kuka ba, ko kallonsa ba ta yi ba. Ta tura kwalin baya a hankali.

"Ba ni rabi, 'yata. Zan riƙa tsallake rana."

Darasi: Bashi ba abin kunya ba ne, ɓoye shi ne ke kashe amana. Girman kan mutum ɗaya, sau da yawa wanda bai ji ba bai gani ba ne ke biyansa. Ku tura wa wanda kuka san yana ɓoye matsalarsa, ko Allah zai sa ya yi magana tun ana tambayarsa.